Guzurin Mai Shiga Jarrabawa: Asalinsa da Amfaninsa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura sa'ad da jarrabawa ta matso, in ya tsaya a Kazaure kusa da babbar kwalejin nan ta kimiyya da fasaha, zai ga samari da 'yan mata sun yi cincirindo a bakin rumfunan masu injin buga takardu. Abin da su ke nema shi ne 'yan takardun da aka taƙaita darussan zango guda a ciki, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa tare da amsoshinsu. Kuɗin waɗannan takardu kuwa, sau da yawa daga rumbun wani manomi na Roni ko Gwiwa su ke fitowa. Yaro ya kan aiko gida ya ce in ba a sayi takarda kaza ba zai faɗi, uba kuma sai ya auna gero ya kai kasuwa, bai san ko abin da zai saya magani ne ko cuta ba.

Ku da kuka sauke karatun manya, yanzu kuna iya ɗaukar irin wannan takarda ku duba da idonku. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku tarihin abin, ku san inda ya samo asali, da inda ya yi amfani, da inda ya yi ɓarna. Ni dai karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma aikin akawu ya sa takardun shaida da yawa sun bi ta hannuna, na kuma zauna ofis ɗaya da masu su.

A Zauren Malam

Waɗansu na tsammani Turawa ne suka kawo mana dabarar taƙaita ilmi. Ba haka ba ne. Tun kafin Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure cikin 1819, malaman ƙasar Hausa da taƙaitattun littattafai su ke koyarwa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilmi, da Ƙawa'idi ya kan fara, ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sa'an nan Risala, sa'an nan Askari, in Allah ya ba shi tsawon rai da naci ya kai ga Muhtasar. Ma'anar kalmar Muhtasar kanta ita ce abin da aka taƙaita. Shehu Halilu, wani malamin Masar na ƙarni na 14, shi ya tattara hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya ya matse su cikin littafi guda, don alƙali ko mufti ya iya riƙe su a ka. Ita ma Risala, Ibnu Abi Zaidin na birnin Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 996, ya rubuta ta ne domin a koya wa yara abin da ya wajaba su sani. Nahawu kuwa, Ibnu Malik ya zuba shi cikin baiti wajen dubu, gama waƙa ta fi zube saurin zama a zuciya.

Amma ga abin lura. Ba a taɓa miƙa wa almajiri Muhtasar a ce ya tafi ɗaki ya karanta shi kaɗai ba. Maganar littafin a dunƙule ta ke ƙwarai, har layi guda ya kan ci zaman safiya ɗaya. Almajiri ya kan jawo baƙi, malam ya fassara, ya warware, ya kawo misali, ya buɗe sharhi ya nuna abin da magabata suka ce. Don haka ne kowane taƙaitaccen littafi ya ke da sharhohi masu ninkinsa girma, kamar yadda Samaruddani ya ke ga Risala. Taƙaitaccen shi ne ƙugiyar da a ke rataya ilmi, amma ilmin daga bakin malam ya ke fitowa.

Wajen masu haddar Alƙur'ani kuma akwai wata dabara da ta fi wannan kusa da zancenmu. Gardi in ya yi nisa, ya kan rubuta satu da ka a kan allo, ba ya duba takarda, sa'an nan ya kai wurin darasu a bi masa harafi harafi, a nuna masa inda ya yi ɓata. Ya wanke, ya sake. Gwanaye kuma suna da ilmin harji, watau ƙididdigar kalmomi: kalma kaza sau nawa ta zo, a waɗanne wurare, da wane wasali. Wannan ƙididdiga ita ke tsare mahaddaci daga rikicewa a wuraren da ayoyi suka yi kama da juna. To, ka ga mutanenmu sun daɗe da sanin abu biyu: a san wuraren da a kan yi tuntuɓe, a kuma riƙa jarraba kai tun kafin wani ya jarraba ka.

Gargaɗin Magabata

Tun a wancan zamani akwai waɗanda suka hango illar abin. Ibnu Haldun, masanin tarihi da aka haifa a Tunis cikin 1332, ya keɓe fasali guda a littafinsa Muƙaddima yana nuna cewa yawan taƙaitattun littattafai yana cutar da koyarwa. Hujjarsa ita ce, mai fara karatu a kan jibga masa ƙarshen ilmi tun bai san farkonsa ba, sai ya ɓata lokacinsa wajen kwance ƙullin kalmomi, ya haddace lafazi, amma gwanintar aiki da shi ba ta zauna masa ba. Shawarar da ya bayar ita ce a bi fanni sau uku: da farko a ba ɗalibi jigoginsa a sauƙaƙe, na biyu a faɗaɗa a nuna saɓanin malamai, na uku a bi kowane lungu har ba sauran duhu.

A ƙasarmu kuma muna da misali mai kyau daga Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, cikin 1816. Da ya ga littafin ya yi wa ɗalibai masu rauni nauyi, sai bayan 'yan shekaru ya rubuta wani tafsirin gajere, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya rage zurfafan bahasi ya tsaya ga abin da za su iya ɗauka. Malamin da ya san fannin ciki da bai shi ne ya taƙaita da hannunsa, yana sane da ƙarfin waɗanda ya ke rubuta wa, kuma babban littafin yana nan ga wanda ya ƙara ƙarfi. Ku riƙe wannan, gama da shi za mu auna takardun zamaninmu.

Zuwan Jarrabawar Takarda

A zauren malam ba a san jarrabawar rana ɗaya ba. Malam ya san almajirinsa shekara da shekaru, ya san inda ya ke da ƙarfi da inda ya ke da rauni, in ya gamsu sai ya ba shi izinin koyarwa. Jama'a su ne masu sauran jarrabawar, gama wanda aka yi wa tambayar gado ko ta aure ya kasa, gari duka zai ji.

Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, Kazaure ta zama ɗaya daga cikin masarautun Lardin Kano, Ɓaɓura kuwa gunduma ce ta ƙasar Kano. Cikin 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Cikin 1921 aka fara Kwalejin Katsina domin horar da malaman makaranta, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Ita ce ta koma Kaduna cikin 1938, ta koma Zariya cikin 1949, a yau kuma a ke kiranta Barewa. Yaron ƙasar nan mai ƙoƙari, daga elementare sai Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, daga can in ya yi fice a zaɓe shi zuwa kwaleji. Ɗalibai kaɗan ne a lokacin, malamai sun san kowa da sunansa, aiki kuma yana jiran duk wanda ya fita, ko a aji ko a ofishin En'e.

Abin ya sake sa'ad da takardar shaida ta koma hannun mutanen nesa. Jarrabawar fita sakandare, Jami'ar Kambirij ta Ingila ce ke tsara tambayoyinta, a can kuma a ke duba amsoshin. Cikin 1952 aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ta karɓi aikin sannu a hankali. Yanzu fa mai tambaya bai san ɗalibi ba, ɗalibi bai san mai tambaya ba. Wahalar shekara biyar a awa biyu ko uku za a auna ta. Dole ne malami da ɗalibi su so sanin halin wannan baƙon alƙali: me ya saba tambaya, yaya ya ke son a jera amsa, wane wuri ya ke ba maki. Hanyar saninsa ɗaya ce, a tara tambayoyin da ya yi a shekarun baya a yi nazarinsu. Nan ne asalin littattafan shirin jarrabawa irin na zamani.

Waɗanda suka fi cin moriyarsu da fari su ne ma'aikatan da ba su sami shiga kwaleji ba. Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya ɗauki jarrabawarta ko bai zauna cikinta ba. Sai aka sami makarantu a Ingila, irin su Wolsey Hall ta birnin Okisfod da Rapid Results ta Landan, masu koyarwa ta gidan waya. Akawu ko malamin elementare ya kan tsakuri albashinsa ya aika, a aiko masa da darasi a taƙaice, da tambayoyi, da misalin amsa mai kyau. Ya zauna da dare gaban fitilar ƙwai ya amsa, ya mayar, bayan makonni takardarsa ta dawo da jan alƙalami. Cif Obafemi Awolowo yana Nijeriya ya sami digirin Landan na ilmin ciniki cikin 1944, tun kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan cikin 1948. Ku duba, wannan hanya ba ta da bambanci da satu da darasu: ka rubuta da kanka, wanda ya fi ka sani ya gyara, ka sake.

Ku ma masu karatun manya kuna da rabo a wannan tarihi. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa a farkon shekarun 1950, da 'yan ƙananan littattafai aka yi shi, hukumar NORLA ta Zariya tana buga su har 1959, wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. Cikin 1980 kuma Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, lokacin Kazaure da Ɓaɓura suna cikinta. Ba mai cewa ƙaramin littafi ba shi da amfani, sai wanda bai ga dattijo ya karanta rasiɗin harajinsa da kansa ba.

Da Ɗalibai Suka Yi Yawa

Cikin 1976, shekarar da aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi, gwamnati ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Alheri ne babba, amma yara sun fi malamai da azuzuwa yawa nesa ba kusa ba. Cikin 1978 aka kafa hukumar JAMB mai tace masu shiga jami'a, daga baya aka haɗa mata har da kwalejoji. Masu nema suka yi yawa, gurabe kaɗan, takardar shaida ta zama ita ce mabuɗin kowace ƙofa. Tun cikin 1977 ma asirin tambayoyin WAEC ya fasu kafin ranar jarrabawa, har gwamnati ta kafa kotun bincike. Cikin 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai hukuncin ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, cikin 1999 aka sake wata dokar, amma cutar ba ta warke ba.

Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, littattafan da a ke sayowa daga waje suka gagari ɗalibai, ɗakunan karatu na kwalejoji kuma suka daina samun sababbi. Malamai suka shiga buga darussansu a takarda suna rabawa. Da niyyar taimako aka fara, kuma ya taimaka. Amma a hannun waɗansu sai abin ya zama ciniki: ɗalibi ya sayi takardar malam, ranar jarrabawa ya mayar masa da ita kalma kalma, wanda bai saya ba kuwa ya shiga uku. Har sai da hukumomin jami'o'i da kwalejoji da yawa suka hana malamai sayar da irin waɗannan takardu.

Cikin wannan hali ne manyan makarantu suka iso ƙasarmu. An yanke Jihar Jigawa daga Kano cikin 1991, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Kazaure, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Kazaure Husaini Adamu, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta cikin 2007. Cikin 2021 aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura. Abin da kakanninmu su ke tafiya Kano ko Katsina nema, ga shi a ƙofar gida. Tun 2015 kuma da kwamfuta a ke ɗaukar jarrabawar JAMB, tsofaffin tambayoyi sun koma cikin wayar hannu. Sifar abin ce ta sake, amma tambayar tana nan yadda Ibnu Haldun ya bar ta.

Na ga fuskokin abin duka biyu a wurin aiki. An taɓa turo mana wani saurayi mai takardar difloma, makinsa ba laifi. Na ba shi rasiɗai na wata guda da littafin kuɗi, na ce ya daidaita su. Ya karanto mini ma'anar daidaita lissafi da Turanci, tiryan-tiryan, ba gargada, amma har aka tashi bai gano inda aka rubuta kuɗi ɗaya sau biyu ba. Da na tambaye shi, ya ce shi a makaranta ma'anar aka ce su haddace, ita kuma ta fito. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. A ofishin nan kuma akwai wani masinja da ya faɗi lissafi sau biyu. Ya samo tsohon littafin aji da tambayoyin shekarun baya, kullum bayan la'asar ya rufe amsa ya yi da kansa, inda ya kasa ya koma littafi, in ya gagara ya kai wa wani malamin sakandare maƙwabcinsa. A karo na uku ya ci, yau kuma shi ke gano kurakuran da mu kan yi a lissafi. Takarda iri ɗaya suka riƙa, yadda suka yi aiki da ita ne ya raba su.

Abin da Masu Bincike Suka Gano

Masanan Turai da Amurka sun auna wannan al'amari. Cikin 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalma marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a farko farko, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi a dunƙule ta a zama ɗaya. Cikin 2006 kuma waɗansu malamai biyu na wata jami'a a birnin Sen Luwis na Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai labari su karanta. Waɗansu suka yi ta maimaita karantawa, waɗansu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan 'yan mintoci, masu maimaita karatu suka fi. Da aka gwada bayan mako guda, masu rubutawa da ka suka wuce su sarai. Alarammomin ƙasarmu ba za su yi mamakin wannan ba, gama dalilin tilawa da satu ke nan.

Shawara ga Iyaye da Malamai

To, daga wannan tarihi muna iya fitar da ma'auni. Takardar shirin jarrabawa mai amfani ita ce wadda ta nuna wa ɗalibi iyakar abin da a ke so ya sani, ta jera shi bi da bi, ta nuna wuraren da a kan yi kuskure, ta kuma ba shi tambayoyin da zai wahala ya amsa da kansa. Yaron ƙauye wanda ba wanda ya taɓa shiga kwaleji a gidansu, shi ya fi kowa bukatarta, domin ɗan birni yana da yayye masu gaya masa yadda a ke yi. Malamin da ya ba ɗalibansa irin wannan jagora tun farkon zango, kowa da kowa, ba don kuɗi ba, ya yi adalci, kuma shi kansa za ta tilasta masa ya san inda darasinsa ya nufa. Mai cutarwa ita ce wadda ta jera amsoshi don a haddace, ko wadda ba a san wanda ya rubuta ta ba, ko wadda aka ce tambayoyin bana ne suka fito. Wannan ta ƙarshe sata ce, in ma ba damfara ba ce, kuma tana iya jawo a soke sakamakon yaro ko a kore shi.

In ɗanka ya zo neman kuɗin takarda, kada ka hana shi kai tsaye, kada kuma ka miƙa ido rufe. Ka ce ya kawo ka gani. Ka tambaye shi wa ya rubuta ta, kuma wane babban littafi ne ta taƙaita, yana kuma zuwa aji ko kuwa ita ce ta zame masa malami. Sa'an nan ka karɓi takardar ka riƙe, ka ce ya bayyana maka darasi ɗaya da Hausa, yadda kai za ka gane. Ko ba ka jin Turanci za ka san wanda ya fahimta da wanda ya ke karatun aku. Ka kuma hore shi ya fara tun zango yana sabo, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaran nan da ke kwalejojin Kazaure da Ɓaɓura, su ne gobe za su auna mana magani a asibiti, su gina gadojin da za mu bi, su riƙe kuɗin jama'a a ofis. Ranar nan ba mai tambayarsu makin da suka ci, abin da suka iya shi za a gani. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya saka wa malamansu da alheri. Amin.